Halitta

halitta (suna, mace, jam'i: halittu). Asalin kalmar Larabci ne. 1. Samar da abu daga rashi, wanda malamai suka keɓe wa Allah Maɗaukaki shi kaɗai. 2. Duk abin da aka halitta. Al'ummun Afirka sun gāji hikayoyi masu yawa game da halittar duniya: Fulanin Mali suka ce daga ɗigon madara duniya ta faro, Yarabawa kuwa suna ruwaito cewa Oduduwa ya sauko ta kan sarƙa a Ile-Ife, ya zuba ƙasa bisa ruwa, kaza mai yatsu biyar ta yi ta tono tana watsa ta har tudu ya samu. Maguzawan ƙasar Kano sun yarda Allah ne Mahalicci, amma iskoki suke yi wa yanka.