Daga Ijaza zuwa Lasisi: Tarihin Izinin Kwafi a Ƙasar Ayar

Tun kafin zuwan Turawa, malaman Agadas sun san bambanci tsakanin mallakar littafi da izinin karantar da shi. Almajiri yana iya kwafe littafi da hannunsa, amma ba zai zauna ya karantar da shi ba sai malaminsa ya ba shi ijaza. Takarda da tawada nasa ne, izini kuwa na malam. A kan irin wannan rarrabewa aka gina lasisin manhajar kwamfuta.

A Turai, kare haƙƙin mawallafa tsakanin ƙasashe ya kafu da Yarjejeniyar Bern ta 1886. Manhaja ba ta shiga wannan rumfa ba sai daga baya, domin da fari kyauta ake haɗa ta da na'ura. A 1969 kamfanin IBM ya fara sa mata kuɗi dabam, a 1980 Amurka ta shigar da ita cikin dokar haƙƙin mallaka, sannan yarjejeniyar kasuwanci ta duniya ta 1994 ta ɗauke ta tamkar rubutun adabi. Ke nan wanda ya sayi faifan manhaja, faifan ya mallaka; abin da ke ciki izinin amfani kawai aka ba shi, bisa sharuɗɗa.

Nijar ta bi wannan sawu. Tana cikin ƙasashen Yarjejeniyar Bangi ta 1977, wadda gyaranta na 1999 ya lissafa manhaja cikin ayyukan da ake karewa. Ta yi dokarta ta haƙƙin mallaka a 1993, ta sabunta ta a 2010.

Sai dai doka tana Yamai, kwafi yana hamada. A Arlit, inda aka fara fitar da yuraniyom a 1971, da Tchibarakaten, inda zinariya ta tara dubban mahaƙa tun 2014, waƙa da fim da manhaja sun saba yawo daga waya zuwa waya, ba wanda ya tambayi mai su.

Labarin Mdou Moctar ya nuna riba da asarar wannan hanya. A 2008 ya naɗi kundinsa Anar a Sakkwato, da salon gyaran murya na waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka ratsa Sahara ta Bluetooth da katin waya. Suna ya tafi, kuɗi bai dawo ba. Christopher Kirkley, Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds, ya tsinci ɗaya daga cikinsu a arewacin Mali. Da ya tashi fitar da kundin Music from Saharan Cellphones a 2011, sai ya bi sawun mawaƙan domin ya nemi yardarsu, ya ba su kasonsu. Kwafi ne ya kai waƙar nesa, izini ne ya mai da ita abin ci.

Akwai kuma hanya ta uku. A 1989 Richard Stallman ya fitar da lasisin GPL, wanda ya halatta kwafi da gyara da rabawa, muddin wanda ya raba ya bar wa na gaba wannan ƴanci. Da shi ake raba Linux. Makarantar da ba ta da kuɗin lasisi tana iya ɗora irin wannan manhaja a kan kwamfutocinta duka ba tare da ta ci haƙƙin kowa ba, ƙungiyar al'adu kuma tana iya fassara ta zuwa Hausa ko Tamajak. Wannan ijaza ce da mai ita ya bayar tun kafin a roƙa.