Nasiha da Abin Hannu: Tarihin Kiwon Lafiya a Karkarar Gidan Rumji, 1963-2013

1. Gabatarwa

Duk wanda ya bi tarihin kiwon lafiya a ƙauyukan jahar Maraɗi zai tarar da kira guda ana ta maimaita shi tun farkon mulkin kai: a wanke hannu, a tace ruwa, a shayar da jinjiri nono, a kai yaro likita tun ciwo bai yi tsanani ba. Masu kiran sun sauya, daga ma'aikatan gwamnatin Diori Hamani zuwa ƙungiyoyin agaji, amma saƙon bai sauya sosai ba. A cikin wannan ƙasida za mu duba yadda kiran ya gudana a gundumar Gidan Rumji, tare da waiwayar Agye da Gazawa, cikin shekara 50. Abin da muke son nunawa shi ne, nasiha takan zama ɗabi'a a inda aka sa wa mai jin ta abin aiwatarwa a hannu, wato magani ko hatsi ko gona ko kuɗi. Inda aka bar shi da magana kawai, sai ta bi iska.

2. Ƙasar da mutanenta

Gidan Rumji na cikin ƙasar Gobir, a kan babbar hanyar da ta tashi daga Maraɗi zuwa Birnin Ƙwanni. A cikin gundumar ne Tsibiri take, fadar Sarkin Gobir tun wajajen 1836. Ƙidayar 2012 ta ba gundumar mutum fiye da 500,000, akasarinsu manoman hatsi da dawa da wake da gyaɗa. Noman gida kashi biyu ne: gandu, wanda maigida ke riƙe da rumbunsa, da gamana, ƴar gonar da mace ko saurayi ke nomawa don kansa. Wannan rabo yana da muhimmanci ga batunmu, domin daga gamanar uwa ne ƙarin abin da yaro ke ci yakan fito.

Kafin zuwan likita, jama'a na da masu kula da lafiyarsu: ungozoma da wanzami da boka da malami da ƴan bori. Mulkin Faransa ya ƙara ƴan gidajen likita a manyan garuruwa da ayarin masu lamba da ke yawo saboda agana da sauran annoba. Mutumin ƙauye ya san likita a matsayin baƙon da ke zuwa ya wuce.

3. Zamanin animasiyo

A farkon shekarun 1960 gwamnati ta kafa aikin wayar da kan karkara da aka sani da animasiyo, kuma Maraɗi na cikin wuraren da aka fara shi. Daga cikinsa ne, tun wajajen 1963-1964, dabarar rukunin lafiya na ƙauye ta fito. Gari ya zaɓi mutanensa, a koya musu aikin agajin farko na ƴan kwanaki, a ba su akwati mai ɗauke da nibakin na zazzaɓi da asfirin da maganin ciwon ido da kayan wanke miki. Ungozomomi kuma a koya musu tsabtar yanke cibi da gane naƙudar da ta fi ƙarfinsu. Guy Belloncle da likita Georges Fournier sun rubuta labarin wannan gwaji a cikin littafin da suka fitar a 1975.

Ƙarfin dabarar shi ne akwatin. Mai agaji da ke da nibakin a hannu, idan ya yi maganar tsabtar rijiya ana saurarensa. Rauninta ma a nan yake: masu agajin ba su da albashi, kuma aikin ya dogara ga zuwan ma'aikacin likita a kai a kai don dubawa da cika akwati. Inda mota ta daina zuwa, akwati ya ƙare, mai agaji ya koma gonarsa. Farin 1973-1974 da lalacewar noman gyaɗa da ya biyo baya sun rage kuɗin da ke hannun manoma, har ɗan abin da ake biya don sabunta maganin ya yi nauyi.

4. Daga Alma-Ata zuwa Bamako

Taron Alma-Ata na 1978 ya mai da kiwon lafiya matakin farko manufar duniya, kuma Nijar ta shiga cikinsa da gogewar shekara 15. A zamanin Seyni Kountché an yaɗa rukunonin ƙauye a duk ƙasa. Sai dai faɗuwar kuɗin uraniyom a shekarun 1980 ta tsuke aljihun gwamnati. Shirin Bamako na 1987 ya kawo shawarar cewa majinyaci ya biya wani abu don a riƙa sayen magani, kuma Nijar ta mai da wannan doka a tsakiyar shekarun 1990.

Biyan kuɗi ya sa an fi samun magani a gidajen likita, amma ya ɗora wata tambaya a cikin gida: wa zai biya? Ana ce wa uwa ta kai yaro da wuri, alhali kuɗi da izinin fita suna hannun maigida. A daidai wannan lokaci ƙasar noma tana ƙara ƙanƙancewa saboda yawan jama'a. Binciken Marthe Diarra da Marie Monimart na 2004 ya nuna yadda a kudancin Maraɗi mata ke rasa gamana, har kulle na yaɗuwa a gidajen da ba su da gonar da za su ba matan. Ke nan an ƙara wa uwa nasiha a lokacin da ake rage mata abin hannu.

5. Shekarar 2005 da tamowa

Bayan ƙarancin ruwan sama da farin dango na 2004, farashin hatsi ya hau a 2005 har buhu ya doshi jika 30. Abin da ya ba mutane da yawa mamaki shi ne, a Maraɗi, wadda ake kira rumbun ƙasa, aka fi samun yara masu tamowa. A wannan shekara ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jahar Maraɗi.

Nan muhawara ta tashi. Wasu suka ɗora laifin a kan al'ada: zubar da dakashi, ba jinjiri ruwa da bauri, yaye na gaggawa idan sabon ciki ya shiga. Waɗannan abubuwa suna nan, kuma suna da illa. Amma littafin da Xavier Crombé da Jean-Hervé Jézéquel suka tsara a 2007, musamman babin Barbara Cooper, ya ja hankali ga yadda zargin uwa ke rufe maganar farashi da bashi da gona. Hujja mafi ƙarfi ta fito daga aikin kansa: iyayen da ake cewa ba su san reno ba, su ne suka yi jinyar mafi yawan yaran a gida, da aka ba su abincin nan na gyaɗa da madara, kuma yaran suka warke. A 2007, daga watan Mayu zuwa Oktoba, an raba irin wannan abinci don rigakafi ga yara kimanin 60,000 ƴan wata 6 zuwa 36 a gundumar Gidan Rumji, kuma yawan masu faɗawa tamowa mai tsanani a tsakiyar damina bai kai yadda aka saba gani ba.

6. Inda nasiha ta kama

Daga 2001 aka shiga gina ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka, kuma a 2006 aka yafe kuɗin jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 da na awon ciki. An raba gidan sauro kyauta. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya nuna mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara 5 a Nijar ta sauka daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009, ya kuma danganta hakan da gidan sauro da kula da tamowa da sauƙin zuwa likita. A 2013 Gidan Rumji na cikin gundumomin farko da aka fara ba yara maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro wata-wata a damina. Amma tsohon ciwon akwati bai warke ba: jinkirin da gwamnati ta riƙa yi wajen mayar wa gidajen likita kuɗin jinyar kyauta ya sha barin su babu magani.

Wasu ayyuka biyu da ba a kira su na lafiya ba sun taɓa tushen matsalar. Na farko shi ne asusun Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a jahar Maraɗi a 1991, inda mata ke zuba kuɗi mako-mako suna ranta wa juna, har uwa ta iya biyan kuɗin mota zuwa likita ba tare da jiran kowa ba. Na biyu shi ne sassaben zamani, wato barin tsiron itatuwa a gona ana yi musu gyara, wanda ya yaɗu daga tsakiyar shekarun 1980, kuma ƙauyen Ɗan Saga na Agye ya yi suna a kansa. Itace kusa da gida na rage wa mace tafiyar neman makamashi, ya ba ta ganyen miya da abincin awaki.

Idan muka kwatanta, ɗabi'ar da ta dogara ga magana kaɗai tafiyarta a hankali take. Shayar da nono zalla har wata 6 ya tashi daga kimanin kashi 1 cikin 100 a 1998 zuwa kashi 23 a 2012. Ci gaba ne, amma uwar da ke wuni tsakanin rijiya da turmi da gona tana bukatar lokaci kafin ta bi wannan shawara.

7. Kammalawa

Tarihin nan ya nuna mana cewa mutanen Gidan Rumji sun karɓi nibakin da gidan sauro da abincin tamowa da zarar sun iso hannunsu. Abin da ya sha karyewa shi ne igiyar da ke kawo kayan, da kuma ikon mace a kan gona da rumbu. Don haka muna ganin duk mai nazarin wani shirin wayar da kai ya kamata ya fara da tambayoyi uku: wa ake yi wa nasihar, me take bukata kafin a aikata ta, kuma a hannun wa abin yake? Muna kuma kira ga ɗalibanmu da su tattara bayanan tsofaffin masu agaji da ungozomomin zamanin animasiyo a Tsibiri da Cadakori da Gidan Sori, tun waɗanda suka rage suna raye, domin rahotannin hukuma sun adana muryar mai yin nasiha fiye da ta mai jin ta.