Damargu: Ƙasar Tsakani ta Abzin da Damagaram

Ƙasar tsakani ita ce yankin da ke raba manyan dauloli biyu masu hamayya, don kada iyakokinsu su haɗu. Haka Afganistan ta kasance tsakanin Ingila da Rasha a ƙarni na 19.

Damargu, inda Tanut, Belbeji da Ollelewa suke a yau, ta taka irin wannan rawa tsakanin Abzinawan arewa da daular Damagaram ta kudu. Ita ce rumbun hatsin Abzin, kuma ta nan ayarin Tarabulus ke bi zuwa Zinder da Kano. Bature Heinrich Barth ya ratsa ta a watan Janairun 1851.

Kowane ɓangare yana bukatar hanyar ta zauna a buɗe, amma babu mai yarda ɗan'uwansa ya mallake ta shi kaɗai. Saboda haka Damargu ba ta samu sarki ɗaya mai ƙarfi ba. Idan manyan sun daidaita, fatauci ya bunƙasa. Idan sun ɓata, manoma ne ke shan hari da biyan gandu.

Wannan matsayi ya gushe bayan Faransawa sun kama Zinder a 1899, suka haɗa yankunan ƙarƙashin mulki ɗaya.