Wuƙar likita a kan ido: darasin da aka koya da tsada

Ko ka taɓa hango fitilar mota da dare ka ga haskenta ya ja wutsiya, ko lambar kuɗi ta yi maka biyu-biyu? Sau da yawa laifin na koniya ne, wato fatar nan garai-garai da ta rufe baƙin ido. Mai lafiya a zagaye take kamar bayan ƙwarya. Idan ta fi lanƙwasa ta gefe ɗaya, kamar bayan cokali, sai gani ya karkace. Likitoci na kiran wannan astigimatizim.

Wani masani a Ingila, Thomas Young, shi ya bayyana matsalar a 1801, a idonsa kuwa ya gano ta. Daga baya aka ƙera tabarau na musamman, wanda har gobe shi ne magani mafi sauƙi. Amma likitoci suka yi tunanin da kowane baduku ya sani: fatar da ta ɗaure ƙwarai, in ka ɗan tsaga ta, sai ta saki. A 1885 wani likita ɗan Nowe, Hjalmar Schiotz, ya tsaga koniyar wani majinyaci da ganinsa ya karkace bayan an cire masa yanar ido, karkacewar kuma ta ragu sosai. A 1898 Lans, ɗan Holan, ya gwada a idon zomaye, ya nuna ba sai wuƙa ta huda ba. Tsaga mai zurfi daga waje ta isa ta sa gefen da ya lanƙwashe ya kwanta.

To, ga inda nake so ka kasa kunne. A Japan, daga ƙarshen shekarun 1930 zuwa na 1950, Dakta Tsutomu Sato ya riƙa tsaga koniya har ta ciki. Mutane suka ji daɗi, gani ya gyaru. Abin da ba a sani ba a lokacin shi ne, a bayan koniya akwai wasu ƙwayoyin halitta masu kwashe ruwa don ta zauna tas, kuma in sun mutu ba sa sake tsirowa. Wuƙar Sato ta lalata su. Sai da aka yi shekaru, wasu har ashirin, idanun da yawa daga cikin majinyatansa suka kumbura, suka yi fari kamar hazo. Sato ba ɗan damfara ba ne, ƙwararren likita ne, amma sai da abin ya ɓaci a hannunsa.

A shekarun 1970 Svyatoslav Fyodorov a Mosko ya farfaɗo da aikin, ya tsaya ga tsaga ta waje kaɗai. Yau ana yin ƙaramar tsaga ɗaya ko biyu a gefen koniya, kusa da farin ido, galibi lokacin aikin yanar ido. Kaurin koniya kusan rabin milimita ne a tsakiya, shi ya sa sai an auna ido da na'ura, a saita zurfin wuƙar lu'ulu'u, ko a yi da leza. Karkacewa kaɗan take gyarawa. In ta yi yawa, akan sa wa mutum gilashi na musamman cikin ido.

Me ya haɗa ka da wannan tarihi? A kasuwanninmu na bakin iyaka har yanzu akwai masu yawo suna tura yanar ido da tsinke. Tsoho zai tashi ya ce ya ga haske, a biya, mai aikin ya ƙara gaba. Ciwo da makanta sai daga baya, lokacin shi ya tsallaka wata ƙasa. Ganin rana ɗaya ba shaida ba ne, mutanen Sato shekaru suka yi suna gani.

In gani ya dushe maka ko wa wani naka, a nufi asibitin ido a auna. Wataƙila tabarau kawai ake bukata. In kuwa an ce sai aiki, ka tambayi ranar komawa a duba ka kafin ka tashi da garke ko kaya, kuma ka koma. Allah Ya tsare mana idanunmu.