Inge Lehmann, matar da ta gano abin da ke tsakiyar duniya

Inge Lehmann (1888–1993) masaniyar girgizar ƙasa ce, ƴar ƙasar Danmak. Ita ta gano cewa a can tsakiyar duniya akwai wani dunƙule na daban cikin narkakken ƙarfe.

An haife ta ranar 13 ga Mayu 1888 a birnin Kwapanhagin. Ta yi makarantar da Hanna Adler ta kafa, inda maza da mata ke ɗaukar darasi iri ɗaya, abin da ba a saba gani ba a zamanin. A 1907 ta fara karatun lissafi a jami'a, har ta je Kambirij a Ingila, sai rashin lafiya ya katse mata hanzari. Ta yi shekaru tana aikin lissafi a ofishin inshora kafin ta samu digiri a 1920.

A 1925 ta shiga aikin kafa tashoshin auna girgizar ƙasa a Danmak da Girinlan. A 1928 aka ba ta shugabancin sashen girgizar ƙasa na cibiyar auna ƙasa ta Danmak, ta riƙe shi har ta yi ritaya a 1953.

In ƙasa ta girgiza, motsin yakan ratsa cikin duniya, na'urori su kama shi a nesa. Masana na lokacin sun ɗauka tsakiyar duniya narkakkiya ce baki ɗaya, don haka akwai yankunan da motsin bai kamata ya kai ba. Da Lehmann ta bi bayanan girgizar da ta auku a Niyu Zilan a 1929, sai ta ga motsi mai rauni ya isa waɗannan yankuna. Babu kwamfuta a lokacin, da hannu ta yi lissafin a kan katuttukan da take adanawa cikin kwalaye. A 1936 ta bayyana cewa motsin karo yake yi da wani abu a ciki ya juyo. Dunƙulen yana farawa a zurfin kilomita 5,150 kimanin. Sai a 1971 bincike ya tabbatar da cewa daskararre ne.

A wannan shekarar ta zama mace ta farko da ta karɓi lambar William Bowie a Amurka. Ta rasu ranar 21 ga Fabrairu 1993, tana da shekara 104.