Rigar ramukan yaƙi a kan keken ɗinki

Ɗarin bara ne ya tura ni. Kullum da sassafe nakan hau moto zuwa lakwal, iska na ratsa ni har ƙashi, sai na ce bari in ɗinka wa kaina doguwar kwat ɗin nan da Ingilishi suka raɗa wa sunan ramukan yaƙi. Na samo takardar yanka mai zanen kowane ɓangare, na shimfiɗa ta bisa tabarma. Nan na tsaya: me ya kawo wannan tarin ƙyallaye a riga guda?

Amsar tana cikin tarihi. A 1879 wani ɗan Ingila, Thomas Burberry, ya ƙirƙiro yadin gabardin, mai matsattsiyar saƙa, wanda ake shafa wa zarensa maganin ruwa tun kafin a saƙa shi. Gabaninsa rigar ruwa ta roba ce, mai wari da sa gumi. Da yaƙin 1914 zuwa 1918 ya tsare sojoji cikin ramuka a Faransa da Beljiyam, babbar kwat ta ulu takan sha ruwa da taɓo har ta zama kaya. Sai hafsoshin Ingila suka koma ga gabardin.

Kowane yanki da aikinsa. Maɗaurin kafaɗa na alamar muƙami ne. Ƙyallen baya yana zubar da ruwa. Zobban ƙarfen ɗamara na rataya kaya ne. Igiyar wuyan hannu tana hana ruwa gangarawa ciki idan an ɗaga madubin hangen nesa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rigar ta hafsoshi ce, da kuɗinsu suke saye. Ƙaramin soja ba ya sa ta. Haka dubban ƴan Afirka ta Yamma da Faransa ta kwasa zuwa wannan yaƙi: sun sha taɓon, rigar ba tasu ba ce.

Da na zo yanka, na bar zobban da maɗaurin kafaɗa, tunda ba ni da muƙamin da zan nuna. Na riƙe babbar kwala da igiyar hannu, don iskar hunturu. Kwalar ta ba ni wuya, sau uku ina farke ta.

Ranar darasin yaƙin duniya na farko na shiga aji da ita, na baza takardar yankan a tebur. Wata yarinya ta ɗaga hannu: “Mushe, to su kakanninmu me suka sa?” Da tambayarta muka buɗe darasin.