Sana'ar Ɗinkin Bargo da Katifa a Gundumomin Tasawa da Mayahi

Gabatarwa

Gundumomin Tasawa da Mayahi suna cikin jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Garin Tasawa yana kan babbar hanyar da ta haɗa Maraɗi da Damagaram, kimanin kilomita 120 gabas da Maraɗi, Mayahi kuwa tana arewa maso yamma da Tasawa, a kwarin Gulbin Kaba. Yawancin mazauna wannan yanki manoma ne da makiyaya. Damina gajeruwa ce, wata uku zuwa huɗu, sauran watannin shekara kuma sai kowane gida ya nemi abin da zai riƙe kansa da shi.

Ɗaya daga cikin sana'o'in da ake iya yi a wannan lokaci ita ce haɗa yadi hawa-hawa, a cusa auduga ko tsumma a tsakani, a bi da ɗinki har ya zama abu guda mai kauri. Da wannan dabara ake yin katifa da matashi da bargon rufa. Sana'a ce mai ƙaramin jari, amma mai cin lokaci. Wannan shafi yana bayani a kan asalinta, da yadda ake yin ta, da rayuwar masu yin ta, da kuma abin da ke sa a ci riba ko a yi aikin banza.

Asalin sana'ar: lifidi

Wannan irin ɗinki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Mafi shaharar abin da aka yi da shi a zamanin da shi ne lifidi, wato rigar kariya mai kauri da ake sa wa doki da mahayinsa a fagen yaƙi. Littafin Tarihin Kano ya ambaci Sarkin Kano Kanajeji, wanda ake ƙiyasta ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, a matsayin wanda ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke cikin kayan yaƙin Hausawa.

Ana yin lifidi ne da yadi biyu, a cika tsakaninsu da auduga ko audugar rimi, sannan a bi da ɗinki layi-layi kusa da juna, don kada cikon ya taru wuri ɗaya. Kaurin nan shi ke rage ƙarfin kibiya. Sau da yawa akan yi fuskarsa ta waje da ƙyallaye masu launi daban-daban, ja da fari da baƙi, a jera su cikin tsari. Aibinsa biyu ne: nauyi, da saurin kama wuta. Shi ya sa maharba kan harbi 'yan lifida da kibiya mai wuta.

A ƙarni na 19, bayan da sarakunan Katsina na Haɓe suka bar birninsu sakamakon jihadi suka kafu a Maraɗi, wannan yanki ya daɗe cikin yaƙe-yaƙe, dawakai da kayansu kuma suna da babbar daraja. Da yaƙi ya kau, lifidi ya koma kayan ado da ake fitowa da shi ranar hawan salla. Amma dabarar ba ta mutu ba. Ita ce dai mai katifa ke amfani da ita a gefen kasuwa, ita ce kuma matar da ke haɗa ragowar atamfa ta yi wa 'ya'yanta abin rufa take bi.

Akwai irin wannan sana'a a wasu ƙasashe. A Senegal, 'yan Baye Fall, mabiya Shehu Ibra Fall, an san su da tufafin ƙyalle-ƙyalle. A Indiya, matan Siddi, waɗanda kakanninsu daga Afirka suka fito, suna haɗa bargo da tsofaffin tufafi. A Amurka kuwa, bargunan da matan ƙauyen Gee's Bend na jihar Alabama suka ɗinka don maganin sanyi an baje su a manyan gidajen adana kayan fasaha na Houston da New York a 2002. Duk gwaninta ce ta ɗaukaka su.

Kayan aiki

- Ƙyallaye: ragowar atamfa da shadda da yadi daga wurin tela, ko tsofaffin zannuwa, ko tufafin gwanjo, waɗanda a Nijar ake kira bosho.
- Shafi: yadi guda mai faɗi na ƙasa, kamar akoko ko tsohon zanen gado mai ƙwari.
- Ciko: auduga, ko audugar rimi, ko tsohon bargo, ko tsumma mai laushi.
- Allura, basilla, zare mai ƙarfi, almakashi, alli, da kwali don yanke ma'auni.
- Keken ɗinki, in akwai. Yana saurin haɗa ƙyallaye, amma ba dole ba ne.

Itacen rimi ba shi da yawa a arewacin wannan yanki saboda ƙarancin ruwa, don haka daga kudu ake kawo audugarsa. Wasu kan yi matashi da audugar tumfafiya, wadda take ko'ina a daji. Mai ɗibarta ya yi hankali ƙwarai, domin farin ruwan tumfafiya yana yi wa ido lahani.

Yadda ake haɗa bargo

1. A wanke dukan ƙyallaye da sabulu, a shanya su a rana su bushe sarai. Wannan yana kawar da datti, yana kuma nuna wanda ke zuba da wanda ke tsukewa.
2. A ware su bisa kauri. Kada a haɗa sabon yadi mai ƙarfi da tsohon da ya ruɓe, domin tsohon zai yage ta wurin ɗinki.
3. A yanke kwali mai kusurwa huɗu, santimita 22 kowane gefe, a riƙa aza shi a kan yadi ana zanawa da alli ana yankawa. In an bar santimita ɗaya na ɗinki a kowane gefe, kowane gida zai tashi santimita 20.
4. A jera gida 8 a layi ɗaya, a yi layi 10. Gida 80 ke nan, wanda zai ba da bargo mai faɗin santimita 160 da tsawon mita 2.
5. A shimfiɗa shafi a kan tabarma, a baza ciko daidai wa daida, a rufe da fuskar da aka haɗa. In auduga ce, a shiɓe ta tukuna don ta yi laushi.
6. A kama hawa ukun da manyan ɗinki na wucin gadi, sannan a fara ɗinkin gaske daga tsakiya zuwa gefe. Kada tazarar layi da layi ta wuce faɗin yatsu huɗu.
7. A kalmashe baki da yadi mai ƙwari, domin daga baki bargo ke fara lalacewa.

Katifa ma haka take, sai dai ana fara ɗinka buhunta ne, a cusa ciko da yawa, sannan a huda ta da basilla a ɗaure wuri-wuri don ta zauna.

Rayuwar yau da kullum

Aikin yana bin yanayin shekara. Da damina kowa yana gona, wajen gero da wake da gyaɗa da riɗi, ɗinki sai ɗan abin da ba a rasa ba. Da kaka kuɗi kan shigo hannun mutane, bukukuwan aure su yawaita, iyaye su shiga neman kayan ɗakin 'ya'yansu. Daga nan sai hunturu, musamman Disamba da Janairu, lokacin da sanyin dare kan sauka ƙasa da digiri 15. Wannan shi ne lokacin ciniki. Wanda bai tanadi kaya tun kafin sanyi ya faɗo ba, kasuwa ta wuce shi, domin da bazara ta kama ba mai tambayar bargo.

Maza masu katifa da teloli suna aiki ne a rumfar kasuwa ko ƙofar gida. Mata kuwa a tsakar gida suke yi, kuma sai sun gama ɗibar ruwa da daka da girki. Lokacin da ya rage musu shi ne tsakanin hantsi da azahar, da kuma bayan la'asar. A gidaje da yawa mazan sun tafi cin rani Nijeriya ko Agadas ko Libiya, nauyin cefane ya koma kan matar. Kuɗin bargo ɗaya na iya hana ta sayar da geron rumbu da araha, ko akuyar da take kiwo.

Da wuya a sami mai sana'a ɗaya tak. Mai ɗinkin bargo takan haɗa da ɗinkin hula, ko tuyar ƙuli-ƙuli, ko kitso. A ƙauyukan Gulbin Kaba, inda goriba ta yi yawa, saƙar tabarma da igiya ita ce babbar sana'ar hannu. Ɗinki yana da daɗin yi cikin jama'a: maƙwabta su taru a inuwa, rediyo na magana, ana hira ana aiki, 'yan mata na saka zare a allura suna koyo. Yanzu wayar salula ta ƙara wani abu, domin ana aika hoton sabon tsari ta WhatsApp, mai saye ya zaɓa tun kafin a yanka yadi.

Tafiye-tafiye da kasuwa

Tasawa tsohon zango ne na ayarin da ke kai da kawowa tsakanin Azbin da Kano. Bature matafiyi Heinrich Barth ya yada zango a garin a watan Janairu na 1851. Har yau fatauci bai bar jinin mutanen yankin ba. Kowane babban gari yana da ranar kasuwarsa a mako, mai kaya kuma yakan bi su ɗaya bayan ɗaya, a amalanke ko babur ko motar kasuwa: Tasawa, Mayahi, Kanambakashe, Maijirgi, Korgom, Urafan. Matar da ba ta fita takan ba dillaliya ko wani ɗan'uwa amintacce.

Yadi da zare yawanci daga Maraɗi suke zuwa, ko daga Katsina da Kantin Kwari ta Kano. Saboda haka duk abin da ya taɓa iyaka ya taɓa mai ɗinki. An ga haka lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, da lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023. Wanda ya dogara da ƙyallayen teloli na garinsu bai sha wahala kamar mai jiran sabon yadi ba.

Masu son kai kayansu nesa suna iya neman shiga bikin baje kolin sana'o'in mata na SAFEM a Yamai, wanda aka fara a 2000, ko na SIAO a Wagadugu, wanda aka fara a 1988. Irin wannan tafiya ta fi ƙarfin mutum ɗaya, sai ƙungiya.

Babban abokin gasa shi ne katifar soso da bargon kanti. Ba za a iya karawa da su a sauri ba. Inda aikin hannu ya fi su shi ne ƙwari, da yiwuwar gyara, da kuma yin abu daidai da son mai shi.

Ƙungiya da asusu

Tun da can masu sana'a a ƙasar Hausa suna da shugabanninsu, kamar sarkin maƙera da sarkin fawa da sarkin aska, masu sasanta rikici da wakiltar 'yan sana'a a fada. Mata kuma suna da adashi da biki, inda ake rama wa juna gudummawa.

A kan wannan tushe ne ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, da jagorancin wata ma'aikaciya 'yar Norway mai suna Moira Eknes. Mata kan haɗu kowane mako, kowace ta zuba abin da aka amince a cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo, a ba mabukata rance na ɗan lokaci, a ƙarshen zango kuma a fasa asusu a raba. Ba kuɗin waje a ciki. Daga Maraɗi tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta.

Ga masu ɗinki, ƙungiya na iya yin abubuwa huɗu:

- sayen zare da shafi a sari maimakon ɗaiɗai;
- yin yarjejeniya da teloli su riƙa tara musu ƙyallaye;
- mallakar keke ɗaya da za a riƙa karɓa-karɓa, tare da ware kuɗin gyaransa;
- tura mutum ɗaya kasuwa da kayan kowa, da tsayar da farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba.

Ya kamata a ɗauki rancen kayan aiki da kaka, a biya da cinikin hunturu. Rancen da aka ɗauka bayan sanyi ya wuce yakan zama bashi.

Lissafin farashi

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mantawa da kuɗin wahala. Mai ɗinki takan lissafa abin da ta kashe kawai, duk abin da ya hau kai ta ɗauke shi riba. Don misali kawai: a ce kaya sun ci jika 3, mota da dillanci jika 1, aka sayar jika 5. Saura jika 1. In aikin ya ɗauki kwana 10, ladan yini ɗaya dala 20 ke nan. Sai ta tambayi kanta ko wata sana'ar ba za ta fi wannan ba. In haka ne, ko dai ta ƙara farashi, ko ta yi manyan gidaje masu saurin haɗawa, ko ta koma ƙananan kaya kamar matashi da shimfiɗar jariri, waɗanda kuɗinsu ke saurin juyawa. In aikin oda ne, a karɓi kafin alƙalami wanda zai biya kuɗin kaya.

Kiyaye lafiya

- Tsumman da ba a wanke ba na iya ɗauke da ƙwarƙwata da kuɗin cizo da ƙazuwa. In da hali a zuba masa tafasasshen ruwa.
- Kada a yi ciko da buhun taki ko na maganin ƙwari, kada kuma a yanka gidan sauron da ke da sauran amfani.
- A rufe hanci da baki yayin shiɓa, a yi ta a fili, nesa da yara da masu ciwon asma.
- Auduga, musamman ta rimi, tana kama wuta nan take. A nisanta ta da murhu da kaskon jin ɗumi da fitilar kananzir.
- A yi ɗinki da hasken rana ko fitila mai aiki da hasken rana, a riƙa tashi ana miƙe baya.
- Kada a rufe fuskar jariri da bargo mai nauyi. A ƙirga allurai bayan an tashi daga aiki.
- A riƙa shanya bargo da katifa a rana, a ajiye su bisa, inda gara da ɓera ba za su kai ba.

Tambayoyi don tattaunawa a ƙungiya

- Ina teloli na garinmu ke kai ragowar yadinsu?
- Wane ne a cikin dattawanmu ya san ɗinkin katifa ko kayan doki, kuma wa yake koya wa?
- Kwana nawa bargo ɗaya ke ɗaukar mu, nawa ne kuma ladan kowane yini?
- A wane wata ya kamata mu fara aiki, don kayanmu su riga sanyi isa kasuwa?